Ɗan YouTube Ya Yaba, Kai Kuma Ka Ce Amin

To Malam, sannu da nazari. Idanun nan naka da suka kaɗa suka yi ja sun isa shaida cewa datar dare ta ji jiki. Ka ce ka gama bincike, ka kalli bidiyo har waya ta yi zafi, yanzu ka san ƙaramar kyamarar da za ka saya, irin wadda ake zurawa a aljihun kaftani a manta da ita. Madalla. Ɗan zauna tukuna, bas ɗin Sabon Gari ba ta ƙarewa a bakin get ɗin jami'a. Tambayoyi gare ni, kuma na ga tun ban fara ba har ka sha kunu.

Ka ce masu sharhin duk bakinsu ya zo ɗaya, ai ba za su taru a kan ƙarya ba? Wa ya ce ƙarya suka yi? Ni ban ce ba, kada ka ja mini. Cewa na yi ka duba kwanan watan da ke ƙarƙashin kowane bidiyo. Na ɗan Landan, da na ɗan Toronto, da na ɗan New York, duk rana ɗaya suka fito, wasu ma sa'a ɗaya. Ko mafarki ɗaya suka yi? Kamfani ne ya aika wa kowa aron kyamarar tun ba ta shiga kasuwa ba, ya gindaya sharaɗi kada wanda ya ce uffan sai ranar kaza ƙarfe kaza. Wasu har kuɗin jirgi ake biya musu, a sauke su a otal, a kawo waɗanda za a ɗauka sun sha kwalliya, fitilu an riga an saita, a ce to bismilla, ku gwada. A wuri irin wannan ai ko kyamarar mai fasfo sai ta yi abin a zo a gani. Mutum ya riƙe kaya 'yan kwanaki ya mayar. Bai cire kuɗi daga aljihunsa ba, bai kai ta gyara ba, bai ga halinta bayan shekara ba. In kuma ya kushe ta sarai, wa zai aiko masa da ta gaba? Kowa ya ci ladan kuturu ka san sauran.

Gangara ƙasan bidiyon kuma. Ka ga wurin da ya ce in za ka saya ka latsa nan? Wannan latsawar ba don Allah ba ce. In ka bi ta nan ka yi sayayya a Amazon ko wani babban kanti, ana yanka masa kasonsa. Tun 1996 Amazon ta fara wannan tsari, a wancan lokacin da yawa daga cikin masu sharhin nan ko rarrafe ba su fara ba. La'ada ce, mai karɓarta kuma dillali ne, ko da ya sa rigar sanyi mai hula yana magana a gaban fitila shuɗiya. Dillanci sana'a ce, halal ɗinsa yake ci, kuma na kirki suna faɗa da bakinsu cewa suna karɓa. Amma yaushe rabonka da ka ji dillali ya ce, “Alhaji, riƙe kuɗinka, wadda ke hannunka ta ishe ka”?

Au, har ka juya? Ka ce ashe duk mayaudara ne, daga yau ka daina kallon kowa? Haba Malam! Yanzun nan kake binsu da amin, yanzu kuma kana neman a yi musu bulala a bainar jama'a. Tsaya in kare su, ko da yake ko sisi ba su ba ni ba. Akwai masu aikin gaske a cikinsu. Ɗauki DPReview, wadda Phil Askey ya kafa a Landan a 1998. Abin da ta shahara da shi shi ne ajiye kowace kyamara a gaban allo iri ɗaya, cikin haske iri ɗaya, a ɗauka, sannan a sa maka hotunan ka jera su kafaɗa da kafaɗa ka duba da idonka. Ka ce ai Amazon ce ta saye ta a 2007, mai sayar da kyamara ya mallaki mai sharhin kyamara? Kai, ashe ka yi karatu. Haka ne, kuma Amazon ɗin ce ta ce za ta rufe ta a 2023, masu ɗaukar hoto a duniya suka yi ca, daga baya kamfanin Gear Patrol ya karɓe ta. Sai dai ko wa ya mallaki allon, hoton da aka ɗauka yana nan, kana iya sauke shi a kwamfuta ka buɗa shi har ka ga ƙwayoyinsa. Duk abin da ake aunawa, ka yarda da su: nauyi, girma, saurin kama idon yaro yana gudu, yadda hoto ke yin yashi-yashi in haske ya yi ƙaranci. A nan sun fi ni, sun fi ka, sun fi ɗan ajinku da ke cewa shi ƙwararre ne don ya taɓa riƙe Nikon ɗin yayansa.

Dabarar sauraronsu ita ce ka kasa kunne ga abin da suka faɗa a gurguje. Zai shafe minti goma yana yabon launi, sannan cikin numfashi ɗaya ya ce batir dai ba yabo ba fallasa, ya wuce. Ja da baya, a nan naka labarin yake. Akwai ma'aunin da ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, ta tsara, kuma da shi ake ƙirga hoto nawa caji ɗaya ke ɗauka. Ricoh GR III hoto 200 ne. Canon G7 X Mark III 235. Sony RX100 VII, duk tsadarta, 260. Shi mai sharhi wannan ba damuwarsa ba ce, soket ɗin ɗakinsa bai taɓa sanin ana ɗauke wuta ba. Kai fa? Ka je kamu a Hayin Dogo, ƙawaye sun ce a ɗauke su tsaye, a ɗauke su zaune, a sake don wata ta rufe ido, kafin amarya ta fito kyamara ta yi sallama. Abin tambaya a wurinka shi ne ko tana caji ta USB da fawa-banki, da ko batirinta na biyu yana samuwa a ƙasar nan, kuma na gaske ko jabu. Wannan ba zai faɗa maka ba, don bai san tambaya ce ba.

Ka ce to ka bar 'yan bidiyo, za ka koma ƙirga taurari, tunda wannan ra'ayin masu saye ne zalla? Sannu, ɗan gaskiya. A watan Agusta na 2024 sai da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta fitar da ƙa'ida ta musamman da ta haramta sayen sharhin bogi da sayar da shi, har da wanda na'ura ta rubuta. Ruwa ba ya tsami banza. In dai taurarin za ka karanta, tsallake masu biyar da suka rubuta ranar da suka buɗe kwali suna murna. Nemi mai tauraro biyu ko uku da ya dawo bayan wata takwas yana huci. Mai huci ba shi da lokacin romon baka.

Kuma kai da kake zaune a Samaru bai kamata a koya maka wannan ba. A wannan filin da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tun yana kwaleji, wasu ɗalibai masu koyon zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Ba su ce malamansu Turawa ba su iya ba, ba su kuma haɗiye duk abin da aka ba su ba. Sun ɗauki dabarar da ta yi musu, suka haɗa da abin da suka taras a gida. Ga ka nan kullum kana wucewa ta gaban mutum-mutumin da jikokinsu a sana'a suka sassaƙa, amma wani yaro a ɗakin kwanansa a Kalifoniya ya ce “saya”, har ka fara neman mai POS.

Bari mu zo kan abin da ko ɗaya cikinsu bai gwada ba: ƙura. Ka ce ai ko'ina akwai ƙura? Ko'ina akwai ruwa ma, amma ba ko'ina ake shiga kwalekwale ba. Ina magana ne kan hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya sauka mana daga Nuwamba har wajen Maris, ya mai da gashin idon saurayi na dattijo tsakanin Kwangila da Palladan. Yawancin ƙananan kyamarorin nan, da ka kunna sai lens, idon kyamarar ke nan, ya tunkuɗo waje, in ka kashe ya koma ciki. Fitowar nan da komawa aikin zugazugin maƙeri take yi: ta shaƙi iska ta fesar, kuma duk abin da ke cikin iskar ya bi ta. Wani ya maƙale a haƙoran da ke tura lens ɗin, wata rana ka kunna ta yi ƙara ta tsaya rabi a waje, ta rubuto maka saƙo da Turanci mai ladabi. Wani kuma ya wuce can ciki ya zauna a kan sensa, farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Daga ranar duk hoton da ka ɗauka da sararin sama a ciki sai ka ga ɗigo a wuri ɗaya, ya bi ka Kufena, ya bi ka Shika, ya bi ka har Umara.

Babbar kyamara ana cire mata lens a goge sensa cikin minti kaɗan. Ƙarama a rufe take ruf, sai an kwance ta ƙusa-ƙusa. Ricoh GR, wadda masu sharhi ke yi wa kirari kamar 'yar sarki, masu ita sun daɗe suna kukan ƙura, kuma galibinsu a ƙasashen da ƙurarsu ba ta wuce zaren aljihun wando ba. To ina ga mai hawa acaɓa ta bayan kasuwar Samaru a watan Janairu? Ga abin dariya kuma: akwai irin su Olympus TG-6 ta 2019, wadda aka yi don shiga ruwa har zurfin mita 15, ƙura ba ta shigarta, lens ɗinta a ciki yake motsi ba ya leƙowa. Megafiksel 12 kacal gare ta, sensarta ƙarama ce, kuma masu sharhi za su gaya maka hotonta bai kai na su Sony ba. Gaskiya suka faɗa. Sai dai ga ɗalibin aikin gona da ke yini a gonakin gwaji na cibiyar binciken noma ta IAR, ko mai karatun duwatsu da ake kwasa a kai daji, wadda ta zo ta bakwai a jerin mai sharhi tana iya zama ita kaɗai ce za ta ga ƙarshen digirinsa.

Zafi kuwa ba sai na ja ba. Buɗe ɗan littafin da ke cikin kwali, yawancinsu za ka ga an rubuta daga digiri 0 zuwa 40. Sai ka tuna rana tsaka a watan Afrilu, baƙar kyamara a hannu, kana ɗaukar bidiyo. In ta kashe kanta don ta huta, kada ka ce sammu aka yi maka.

Yanzu ga wadda za ta sa ka gyara zama. Hotunan gwajin da ka kalla, fuskar wa ke ciki? Ka ce kyamara ba ta san fari da baƙi ba, inji ce? Inji ce, amma mutum ne ya saita ta, kuma da fuskar da ya sani ya saita. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita launi a wancan zamanin. In fuskarta ta fito daidai, to injin ya yi daidai, kowa kuma ya ji da kansa. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta bi diddigin lamarin a binciken da ta wallafa a 2009, ta nuna cewa cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara yadda fim ke fitar da launin ƙasa-ƙasa har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Ka ji fa. Sai da kujera ta kai ƙara. Katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fito.

Ka ce wannan zamanin fim ne, ya wuce? To me ya sa Google ta yi ta shela a 2021 cewa wayarta Pixel 6 ta koyi ɗaukar baƙar fata? Me ya sa Tecno da 'yan'uwanta Itel da Infinix, na kamfanin Transsion na China, suka mamaye aljihunan Afirka, kuma cikin abin da aka san su da shi har da saita kyamara don fuskokinmu? Gwada da kanka ranar Juma'a. Tsayar da baƙin mutum cikin farar babbar riga da ta sha bugu, ƙarfe biyu na rana. Ma'aunin hasken kyamara zai ga farin nan ya tsorata, ya rage haske don kada rigar ta ƙone, sai ka samu hoton riga da hula, tsakaninsu kuma duhu da haƙora. Akwai magani: ko ka ƙara haske da hannu, ko ka kunna filasha da rana tsaka ta cike fuskar. Saboda haka abin da ya kamata ka nema shi ne ko maɓallin ƙara hasken yana kusa da yatsa, ko sai ka yi tafiya cikin menu, da ko tana da filasha ma tukuna. Mai sharhin da ke gwaji a ƙarƙashin gajimaren Ingila da fuskar budurwarsa bai taɓa shiga wannan rigimar ba. In ka samu mai sharhi da ya gwada a kan baƙar fata cikin rana mai ƙarfi, riƙe shi hannu bibbiyu.

Sai batun kuɗi, inda suke kashe ni da dariya. Zai ɗaga kyamara ya ce a wannan farashi ai kyauta ce. Fujifilm X100VI, da ta fito a 2024, dala 1,599 aka sa mata. A shekarar dala ta haura naira 1,500. Ninka da kanka, kai ne ɗan jami'a: kusan naira miliyan 2 da dubu 400, kafin kuɗin kawowa, kafin ribar ɗan kasuwa. A mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, albashin wata 34 ke nan, ba ci ba sha. Kuma ka san abin daɗin? Ba ta da zum. Lens ɗaya ne a kafe. In kana son abu ya matso, kai za ka taka. Kyamara ce mai kyau, ban musa ba. Amma duk lokacin da mai sharhi ya ce “araha”, da aljihunsa yake magana, ba da naka ba.

Ke kuma Hajiya da ke gefe kina ƙunshe dariya, na ga abin da ke wayarki. Canon G7 X kike nema, don 'yan TikTok sun ce filasharta na sa fuska ta yi sheƙi. Ranki ya daɗe, Mark II ta 2016 ce, Mark III ta 2019, dala 749 aka fara sayar da ita. Ba wani sabon sirri aka zuba mata ba, yayi ne ya same ta, kamar yadda ya sami Fujifilm X100V a 2022 har ta hannu ta fi sabuwa tsada. Dalili kuwa a fili yake. A 2010 kamfanonin da ke cikin CIPA sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar. Casio ta daina yin ƙananan kyamarori a 2018, Olympus ta sallama sashen kyamararta kacokan a farkon 2021. Da yayi ya dawo sai aka tarar masu nema sun fi kayan yawa, farashi ya yi sama. Sheƙin da kike so kuwa, yawancinsa aikin filasha ne daga kusa, kuma tsohuwar kyamarar da ke cikin durowar Baba tun bikin Anti tana iya yin kusan haka in aka samo mata batir. Kin ce ba za ki fita da wannan tsohon abu ba? Ai shi ma yanzu yayinsa ake, kin makara.

Ga wani Bakano can ya ɗaga hannu tun ɗazu. Ya ce mu Zage-zagi mun cika dogon bayani, a zo Kano kawai a ba mu sabuwa dal a kwali, megafiksel 48, bidiyo 4K, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Allah ya ja zamanin Kanawan Dabo, ku da ko gaisuwa sai kun nemi ragi. Irin wannan kyamarar ba sai an je Kano ba, ta cika intanet, kuma masu yabonta sun fi kowa taurari. Ba ta da sunan kamfanin da ka sani, ba ta da nauyi, lens ɗinta ɗan ƙwaya ne a tsakiyar babban zobe na ado. Ƙaramar sensa ce a ciki, sai injin ya hura hoton ya kumbura har lissafi ya kai 48. Girman farantin shi ne magana. Na RX100 da G7 X milimita 13.2 ne a 8.8, na yawancin masu araha bai kai milimita 6.2 a 4.6 ba, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Faranti mai faɗi ya fi tara haske, shi ya sa ake ganin bambancin da daddare a zauren dina, lokacin da janareto ke ba da haske rabi-rabi.

Ka ce duk da haka megafiksel mai yawa ya fi? Ina za ka kai hoton? Faɗi gaskiya. WhatsApp za ka tura wa 'yan gida. To in ba ka zaɓi HD ko ka aika shi a matsayin fayil ba, WhatsApp zai matse shi ya koma wajen megafiksel 2. Wanda ya karɓa ya tura wa wani, wancan ya ɗauki sikirinshot ya ɗora a sitatus. In kuwa wanke shi za ka yi, hoto mai inci 5 a 7 da aka buga da kyau megafiksel 3 da 'yan kai yake buƙata. Mai sharhi yana buɗa hoto a katon allo yana leƙen kusurwa don ya ga wace ta fi kaifi, kai kuma ka biya kuɗin wannan kusurwar, Inna ta kalla a waya mai fasasshen gilashi ta ce, “Kai, ka rame.”

Na san inda za ka ɓullo. Ka ce to in haka ne wayarka ta ishe ka? Ka ga, yau ka faɗi abin da ya kusa zama gaskiya, har na ji ba daɗi. Marques Brownlee, wanda yana cikin manyan masu sharhin na'urori a YouTube, ya saba jera hotunan wayoyi ba suna, jama'a su zaɓa. A gwajin 2022 Pixel 6a ce ta zo kan gaba, waya mai matsakaicin kuɗi, ta doke waɗanda suka ninka ta tsada. Ya kuma lura cewa mutane sun fi karkata ga hoton da ya fi haske, ko da wani ya fi shi inganci. Wato in an cire suna, ido ba ya ganin farashi. Don hoton sayin-awut, da farar riga an cika ta da sa hannu, wayarka ta wadatar, riƙe kuɗinka. Ka ga ni na iya faɗa, don ba ni da la'ada. Amma je Ƙofar Fada ranar Hawan Sallah, dogarai sun tare, kana can bayan taro, kana son fuskar mahayi da kwalliyar dokinsa. Sa yatsa biyu ka buɗa a waya, ka samu wani abu mai kama da zanen yara. A nan ƙaramar kyamara mai zum na gilashi, irin RX100 VII da ke kaiwa daga milimita 24 zuwa 200, take nuna ita 'yar gado ce. Kuma ba ta ringin daidai lokacin da 'yan bindigar sarki suka saki wuta. Kafin ka tambayi wace ta fi, tambayi kanka me za ka ɗauka. In ba ka da amsa, ba kyamara kake so ba, kana so ne a gan ka da ita.

To wa za ka tambaya? Da ɗan gari akan ci gari. Masu hoton nan da ke cika harabar jami'a ranar matirik da ranar yaye ɗalibai, da masu situdiyo na Sabon Gari da ke bin bukukuwa, sun san wace ke jure hunturu, wace batirinta ke kumbura, wace kuma in ta lalace sai an sa ta a mota zuwa Legas. Mai gyara ya fi su duka, don shi ba ya ganin kyamara sai ranar da ta ba da kunya. Ka ce su ma ai suna da wadda suke son rabuwa da ita? Ƙwarai kuwa, ashe ka fara gane karatun. In mai hoto ya ce maka tasa ta fi kowacce kuma yana iya bar maka ita don mutunci, yi masa godiya, ka tambaye shi me zai saya da kuɗin. Wannan ita ce wadda yake so da gaske.

Tunda mafi yawan abin da za ka samu ta hannu ce, wadda ake ce wa Landan-yus ko da Landan ɗin ba ta taɓa ganinta ba, kada ka yi cinikin biri a sama. Wanda ya ce a intanet ka turo kuɗi ya sa maka a mota, ka ce masa motar ta fara zuwa. Je da memorinka, don ka tafi da hotunan gida ka duba a babban allo. Fuskar kyamara ƙarama ce, kowane hoto kyakkyawa ne a cikinta. Kunna ka kashe sau da yawa kana sauraro: lens mai lafiya sumul yake fita, mai yashi a ciki sai ka ji yana gurnani. Ja zum har ƙarshe ka dawo. Haska fitilar waya cikin gilashin ka nemi ƙarce, ko wani farin abu mai kama da saƙar gizo, wanda danshi ke haifarwa. Sannan ka ƙuntata ƙofar haske, lambar f ta kai 8 ko 11, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama. Duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ta gaishe ka. Ciro batir ka ɗora a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Daga nan ka ja yaron shagon, ka fita da shi rana, ka ɗauki fuskarsa, ka koma can ƙuryar shago inda ba haske ka sake ɗauka. Hotunan nan biyu sun fi bidiyo ashirin gaya maka abin da kuɗinka zai sayo.

Ka ce kunya kake ji ka yi duk wannan a gaban mai kaya, kada ya ce ba ka yarda da shi ba? Ai ba ka yarda da shi ɗin ba, shi ma ba zai bar ka ka fita ba sai ya ga alat. In ya ce maka batir ba caji, ba za a iya gwadawa yau ba, ka ce ba komai, a jona, za ka jira. Akwai mai shayi a bakin layi. Ka sa a haɗa mana biyu, nawa da ƙwai, kuma kai za ka biya.